Yadda Ake Ba Da Umarni A Faransanci

Duk ɗalibin da ya yi mako guda a ajin Faransanci ya riga ya san umarni tun kafin a faɗa masa sunansa, domin da shi muke buɗe darasi: Entrez, Asseyez-vous, Écoutez. Wato ku shigo, ku zauna, ku saurara. Faransawa suna kiran wannan siga l'impératif. Ba ta da wuya, amma mun lura a kowace shekara a nan yaranmu ke zubar da maki a banza.

Mutum uku kaɗai ake bai wa umarni: tu (kai ko ke), nous (mu), da vous (ku). Sai a ɗauki aikatau a lokaci mai ci, a yar da wakilin sunan. Vous finissez ya koma Finissez, nous partons ya koma Partons. Bahaushe ba zai sha mamaki ba, don mu ma muna cewa "zo", "tafi", ba tare da "ka" ba. Bambancin shi ne, a jam'i dole mu ce "ku zo", su kuwa Venez kawai.

Ga inda gizo ke saƙa. Aikatau mai ƙarewa da -er yana zubar da harafin s idan da mutum ɗaya ake magana. Tu parles sai ya zama Parle, tu vas ya zama Va. Haka ma ouvrir, ko da yake ba ɗan gidansu ba ne: Ouvre la porte. Kunne ba ya jin wannan s, shi ya sa ɗalibi zai faɗa daidai, ya rubuta kuskure. Amma idan y ko en ya biyo baya, sai s ya dawo, har a ji shi kamar z: Vas-y, Manges-en.

Akwai huɗu da ba su bin doka, sai hadda. Être: sois, soyons, soyez. Avoir: aie, ayons, ayez. Savoir: sache, sachons, sachez. Na huɗu vouloir ne, wanda aka fi gani a wasiƙa da ofis: Veuillez entrer.

Hani kuwa, inda muke cewa "kada", su ne da pas suke sa wa aikatau gaba da baya: Ne parle pas. A lura da wakilin suna. A umarni yana zuwa a baya da karan ɗori, Lève-toi, Donne-moi. A hani sai ya koma gaba, ya sake kama: Ne te lève pas, Ne me donne pas.

A ganinmu, zaɓi tsakanin tu da vous ya fi duk waɗannan nauyi. Mun taɓa yin baƙo dattijo daga Maraɗi, wani yaronmu mai ƙoƙari ya kawo masa kujera ya ce, "Assieds-toi." Nahawunsa bai da aibu, amma ya yi wa sa'an kakansa magana kamar ƙanensa. Dattijon ya yi murmushi kawai, mu ne kunya ta rufe. Babba ko baƙo, ko shi kaɗai ne, vous ake ce masa, kamar yadda muke ce wa iyayenmu "ku shigo". Abin da ya kamata yaron ya ce shi ne, "Asseyez-vous, s'il vous plaît."