Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Yadda Ake Koya wa Matuƙa Ceton Jirgin Sama da Ya Kuɓuce

Ran 1 ga watan Yuni, 2009, da tsakar dare, wani jirgin sama na kamfanin Air France, ƙirar Airbus A330, yana ƙetare tekun Atlantika daga birnin Riyo na ƙasar Brazil zuwa Faris, ɗauke da mutum 228. Yana tafiya a nisan ƙafa 35,000 daga ƙasa. Babban matuƙin ya tafi ya ɗan kishingiɗa, kamar yadda doka ta yarda a doguwar tafiya, ya bar mataimakansa biyu a kan kujera. Sai jirgin ya shiga hadari, ƙanƙara ta toshe 'yan bututun nan na waje masu auna gudun jirgi. Na'urar da ke tuƙa jirgin da kanta, da ta rasa sanin gudu, sai ta saki tuƙin ta bar wa mutane.

Injunan jirgin biyu lafiyarsu ƙalau, fukafukai kuma ba abin da ya same su. Bututun ma cikin kamar minti guda suka buɗe. Duk da haka, ba a cika minti biyar ba jirgin ya faɗa cikin teku, ba wanda ya tsira.

Sai a shekarar 2011 aka gano baƙin akwatin jirgin a ƙarƙashin teku, zurfin kusan mita 4,000, masu bincike na Faransa kuma suka fitar da rahotonsu a 2012. Rahoton ya nuna cewa matuƙin da ke riƙe da sandar tuƙi ya ja ta baya, watau ya ɗaga hancin jirgin sama. Jirgin ya hau har wajen ƙafa 38,000, gudunsa ya ragu ƙwarai, fukafukansa suka daina ɗaukarsa. Ƙararrawar gargaɗi ta yi ta kuka kusan minti guda ba yankewa. Jirgin ya yi ta gangarowa da hancinsa a sama, yana zubar da wajen ƙafa 10,000 kowane minti, har minti uku da rabi. Babban matuƙin ya dawo da sauri, amma a cikin su ukun ba wanda ya ambaci sunan abin da ya same su. Da an sunkuyar da hancin jirgin tun da wuri, aka kuma riƙe shi a haka, da ya sake kama iska.

Mun kawo wannan labari ne domin yana cikin abubuwan da suka sāke yadda ake horar da matuƙa a duniya. Da yawa daga cikinmu muna shiga jirgi, ko kuwa muna raka 'ya'yanmu filin jirgi, ya kamata mu san abin da ake koya wa wanda ke zaune a gaba.

Abin da ke riƙe jirgi a sama

Duk wanda ya taɓa miƙa hannunsa ta tagar mota tana gudu ya san asirin fiffike. In ka shimfiɗa tafin hannunka ka ɗan ɗaga gabansa, iska za ta ɗauke shi sama. Ka ƙara ɗagawa, ta ƙara ɗauka. Amma akwai iyaka. In ka wuce ta, iska ta daina ɗauka, sai dai ta tura hannun baya, ya kuwa yi nauyi ya sauko. Haka fiffiken jirgi yake. In karkatarsa ga iskar da ke zuwa ta wuce kimanin digiri 15, iska ta daina bin bayansa sumul, ta watse, ɗauka ta ragu farat ɗaya. Wannan shi ne abin da matuƙa ke kira sitol. Ba mutuwar inji ba ne, kamar yadda mutane da yawa suke zato, gama yana iya faruwa injuna suna aiki da dukan ƙarfinsu.

Maganinsa ɗaya ne: a rage karkatar fiffike, watau a tura sandar tuƙi gaba, hancin jirgi ya sunkuya. Wuyar abin kuwa a nan take. Mutum yana ganin jirgi yana faɗuwa, jikinsa duka yana ce masa ya ja sama, ilimi kuma yana ce masa ya tura ƙasa, wajen da yake tsoro. Wanda ya karanta wannan a littafi kaɗai, ranar da ta ɓaci tsoro ne zai riga ilimi isa hannunsa.

Haka ya faru wata huɗu kafin hatsarin teku, ran 12 ga Fabrairu, 2009, kusa da birnin Bafalo na Amurka. Jirgin kamfanin Colgan Air yana shirin sauka, gudunsa ya ragu, sandar tuƙi ta fara karkarwa domin gargaɗi. Matuƙin ya ja baya. Na'urar jirgin ta tura sandar gaba da kanta don ta cece shi, ya ƙi ta, ya sake ja. Jirgin ya faɗa kan wani gida, mutum 50 suka mutu.

Jiki yana ruɗin mai shi

Akwai wata hanya dabam da jirgi ke kuɓucewa. Mun san wasan da yara ke yi na jujjuyawa har su tsaya su ga ƙasa tana juyi. Abin da ke gaya wa mutum ko a miƙe yake ko a karkace yana cikin kunnensa, ido kuma yana gyara masa. Da dare, ko cikin gajimare, sa'ad da ido ba ya ganin inda sama ta haɗu da ƙasa, kunne yakan yi ƙarya. In jirgi yana karkata sannu a hankali, matuƙi ba ya ji ko kaɗan.

Ran 5 ga Mayu, 2007, jirgin Kenya Airways ƙirar Boeing 737 ya tashi daga Duwala ta Kamaru cikin dare da ruwan sama, zai tafi Nairobi. Matuƙan suna tsammanin na'urar tuƙi ta karɓi jirgin, ashe ba ta karɓa ba. Jirgin ya yi ta karkata dama ba wanda ya lura. Da ƙararrawa ta yi kuka, babban matuƙin ya ruɗe, gyaran da ya yi ya ƙara karkatar, jirgin ya faɗa cikin fadama da mutum 114. Agogon da ke gabansu mai nuna sama da ƙasa yana faɗar gaskiya tun daga farko.

Shekaru da yawa lissafin da kamfanin Boeing ke fitarwa yana nuna cewa kuɓucewar jirgi a sama ita ce kan gaba wajen cin rayuka a hatsarin manyan jiragen fasinja. Masana sun sa wa abin ma'auni: in hancin jirgi ya ɗaga fiye da digiri 25, ko ya sunkuya fiye da digiri 10, ko jirgin ya karkata gefe fiye da digiri 45 ba da nufin matuƙi ba, to ya fita daga hali na kullum.

Inda tsohon horo ya gaza

Kowane ɗalibi a makarantar koyon tuƙin jirgi, har da ta Zariya da aka kafa a 1964, yakan koyi sitol a ƙaramin jirgi tun farkon karatunsa. To, me ya sa ƙwararru suke mantawa? Dalili na farko, matuƙin babban jirgi yakan yi shekaru bai ƙara ganin abin ba. A doguwar tafiya na'ura ce ke tuƙi kusan dukan hanya, hannunsa kuwa mintoci kaɗan yake aiki wajen tashi da sauka. A can ƙololuwa, inda iska ba ta da kauri, jirgi yana da saurin amsa hannu, amma matuƙa da yawa ba a taɓa ba su horon tuƙi da hannu a wannan nisa ba.

Dalili na biyu ya fi ban takaici. A dā, wajen jarrabawa, akan yaba wa matuƙin da ya fita daga bakin sitol bai zubar da tsayi ba. Saboda haka suka saba da ƙara wuta ga inji su riƙe hanci a sama. Ga jirgin da injunansa ke ƙarƙashin fukafukai, ƙara wuta farat ɗaya yakan ƙara ɗaga hancin. Bayan hatsarorin 2009 aka sāke koyarwar: a sunkuyar da hanci tukuna, tsayin da aka rasa a neme shi daga baya.

Abin da ake koyarwa yanzu

Iyalan waɗanda suka mutu a Bafalo sun yi ta zirga-zirga a majalisar Amurka har aka yi sabuwar doka a 2010. Daga watan Maris na 2019 ya zama tilas ga matuƙan manyan kamfanonin ƙasar su koyi fita daga cikakken sitol. Hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta fitar da littafin jagora a kan wannan horo a 2014. A Turai kuma, tun Disamba 2019, sabon matuƙi ba zai fara koyon babban jirgin fasinja ba sai ya yi kwas na musamman, awa 5 a aji da awa 3 a sama.

Horon kashi uku ne. Na farko a aji, inda ake bayyana yadda iska ke aiki da fiffike, da alamun da ke zuwa kafin abu ya ɓaci, gama rigakafi ya fi magani. Na biyu a sama, cikin ƙaramin jirgi mai ƙarfi irin na masu wasan alkafura. Malami yakan hau da ɗalibi can nesa da ƙasa, ya karkata jirgin ko ya kifar da shi, sa'an nan ya ce masa ya karɓa. A nan ne ɗalibi ke jin jikinsa ya yi nauyi ninki biyu ko uku, ko ya ji yana tashi daga kujera, ya ga ƙasa a bisa kansa. Karon farko yawanci hannu yakan ja baya. Akan maimaita har firgita ta ragu, hannu ya saba.

Na uku a ƙasa, cikin na'urar kwaikwayon jirgi, wani ɗaki ne a kan ƙafafun ƙarfe masu motsi, cikinsa daidai da wurin zaman matuƙa. A dā waɗannan na'urori ba su iya nuna halin jirgi bayan ya shiga sitol, sai aka gyara su. Malami yakan jefo matsala ba zato, matuƙa biyu su yi aiki tare: wanda ya fara ganewa ya faɗi sunan abin da ƙarfi, ɗaya ya riƙe tuƙi, ɗaya yana karanta masa agogo. Akan koya wa ƙaramin matuƙi ya buɗe baki, har ya karɓi tuƙi in ya ga babban ya ruɗe. Girmama na gaba abu ne mai kyau, amma shirun kunya a wannan wuri yana iya hallaka jama'a.

Matakan da ake haddacewa gajeru ne: kashe na'urar tuƙi, tura hanci ƙasa har gargaɗi ya yi shiru, daidaita fukafukai, ba inji wuta gwargwadon bukata, sa'an nan a ɗago a hankali. Akan jaddada kalmar nan, a hankali, domin an sha wuya kafin a koye ta. Ran 12 ga Nuwamba, 2001, jirgin American Airlines ya tashi daga birnin Niyok ya shiga guguwar da wani babban jirgi ya bari a bayansa. Mataimakin matuƙin ya yi ta taka abin karkata wutsiya hagu da dama da ƙarfi, har wutsiyar ta ɓalle, mutum 265 suka mutu. Masu bincike sun ce irin horon da aka ba shi yana cikin abin da ya jawo haka. Horo marar kyau shi ma haɗari ne, shi ya sa ake tankaɗe malaman da kansu.

A nan gida

Kada mu ɗauka wannan zancen ƙasashen Turawa ne kawai. Ran 7 ga Nuwamba, 1996, jirgin kamfanin ADC da ya taso daga Fatakwal zuwa Legas ya kauce wa wani jirgi a sama, ya karkata fiye da kima, ya faɗa cikin ruwa a Ejirin da mutum 144. Ran Lahadi 29 ga Oktoba, 2006, wani jirgin kamfanin ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato cikin hadari, ya gamu da juyin iska na farat ɗaya, ya shiga sitol dab da ƙasa. Mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. Rahoton bincike ya ɗora laifi a kan tashi cikin mugun yanayi da rashin bin matakan fita daga irin wannan iska daidai.

Wannan horo yana cin kuɗi, gama na'urar kwaikwayo tana da tsada, matuƙin da ke cikinta kuma ba ya ɗaukar fasinja a ranar. Kamfanin da ke fama da bashi zai so ya taƙaita. Saboda haka muna roƙon hukumomin da ke kula da jiragen sama su riƙa bin diddigi, su tabbata ana yin horon da gaske, ba a takarda kaɗai ba. Mu fasinja ma muna da namu. Sa'ad da matuƙi ya ƙi tashi domin hadari ya haɗo, kada mu cika filin jirgi da gunaguni, aikinsa yake yi. Mu kuma ɗaura ɗamarar kujera muddin muna zaune, ko da an kashe fitilar gargaɗi.

Ga samarinmu da 'yan matanmu masu sha'awar wannan aiki, shawararmu ita ce ku tambayi makarantar da za ku shiga ko tana ba da wannan horo, da irin jirgin da take amfani da shi, da ko malamanta sun ƙware a kai. Matuƙi yana iya yin shekara talatin bai gamu da irin wannan rana ba. In kuwa ta zo, daƙiƙu kaɗan gare shi, kuma abin da hannunsa ya saba da shi tun a filin koyo shi zai yi. Allah ya kiyaye matafiya, ya kai kowa gida lafiya.