Coober Pedy: Masu Kwana a Rami, Masu Golf da Dare

A tsakiyar hamadar Kudancin Ostireliya, tafiyar kilomita wajen 850 arewa da birnin Adelaide, akwai wani ɗan gari mai suna Coober Pedy, wanda mutanensa duka-duka ba su kai dubu biyu ba. Opal ne ya tara su, wani dutse mai daraja da ke fitar da launuka iri-iri idan haske ya taɓa shi. A 1915 wani yaro ɗan shekara 14 mai suna Willie Hutchison ya tsince shi a wurin, lokacin da ayarin mahaifinsa ke yawon neman zinariya. Daga nan mahaƙa suka yi ta kwararowa, kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu Girkawa da Sabiyawa da Italiyawa da wasu ƙabilun Turai suka ƙaru a kansu.

In ba don wannan dutse ba, babu mai hankalin da zai kafa gida a nan. Ruwan saman da ake samu a shekara bai cika kaiwa milimita 200 ba. Na sha kuwa daga rijiyar burtsatse mai nisan kilomita fiye da 20 ake janyo shi, a tace gishirinsa, a sayar da tsada. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da mu muke fama da hunturu, su zafinsu ke kan ganiya, ma'aunin zafi yana haura digiri 40 kwana da kwanaki, ga ƙuda, ga ƙura. Dabarar da suka yi ita ce su bar wa rana doron ƙasa. Da yawansu a cikin tudu suka fafe gidajensu, da falo da ɗakin kwana da madafa, inda yanayi ke tsayawa wajen digiri 23 zuwa 25 ko da waje na tafasa. Har majami'u da otal da shaguna akwai a ƙarƙashin ƙasa.

To, mutanen da suka yi wa rana wannan wayo a wurin kwana, su ne kuma suka yi mata shi a wurin wasa.

Tun 1976 suke da kulob ɗin golf, wasan da wasu ke kira ƙwallon lambu, filinsa kuma mai rami 18 ne. Sai dai lambun nan ko tsinken ciyawa babu. Tsakuwa ce da farar ƙasa da duwatsu iya ganin ido. Saboda haka kowane ɗan wasa yana yawo da ɗan yankin ciyawar roba, ya shimfiɗa a ƙasa, ya ɗora ƙwallo, ya buga, ya naɗe abinsa ya yi gaba, kamar fatake da 'yar tabarmarsu. In ba haka ba, dutse zai cinye bakin sandar bugu tun ba a je ko'ina ba. Kewayen ramin kuma, inda a wasu ƙasashe ake renon lallausar ciyawa ana aske ta kullum, su yashi suke zubawa su cuɗa shi da baƙin mai don kada iska ta kwashe. Kafin mutum ya gangara ƙwallo, sai ya ja wani ƙarfe ya share mata hanya sumul zuwa bakin rami, in an gama kuma a bi da manjagara a daidaita wa na baya. Barin wurin da sawun ƙafa rashin ladabi ne. Duk da haka sun kafa allo a filin suna gargaɗin kada a taka ciyawa. Irin barkwancinsu ke nan, su yi wa kansu dariya kafin baƙo ya yi musu.

Da zafi ya kankama, sai wasan ya koma dare, kuma babu wasu manyan fitilu irin waɗanda ke haskaka filayen Dubai ko Koriya ta Kudu. Ƙwallon ce da kanta ke ba da haske. Tsohuwar samfurin ita ce wadda ake yi da roba mai garai-garai da huda a tsakiya. Ana ɗauko ɗan siririn bututu, a lanƙwasa shi har ƙaramar kwalbar da ke ciki ta fashe, ruwan sinadari biyu su gauraya, sai haske kore ya tashi ba wuta ba zafi, a cusa shi cikin hudar. Yakan yi sa'o'i yana ci kafin ya dushe. Ta zamani kuwa tana da 'yar fitila da batir a cikinta. Bugun sanda ne ke kunna ta, ta yi 'yan mintoci tana haske sannan ta mutu, don haka wanda ya tsaya dogon surutu bayan ya buga, shi da lalube. Akwai ma wadda ake haska wa tocila ta sha haske, ta riƙa sakinsa a hankali. Dukansu ba su kai ƙwallon gaske nisan tafiya ba, kuma a hannu ana jin taurinsu, amma wa ya damu? A farar ƙasar Coober Pedy, neman farar ƙwallo da rana tsaka wahala ce. Da dare kuwa tun daga nesa take kiran mai ita.

Abin kallon shi ne lokacin da ta tashi. Ba ka ganin mai bugu sosai, sai dai ka ji ƙas, sai ga zaren haske ya keta duhu, ya lanƙwasa, ya sauko ya yi tsalle biyu uku a kan tsakuwa kafin ya lafa. Mai ƙwarewa da ɗan koyo duk asirinsu a fili yake, domin wanda ƙwallonsa ta karkace ta nufi jeji ba shi da bakin cewa ba a gani ba. Ni a ganina ma duhun gata ne ga ɗan koyo, tunda abin da ke firgita shi da rana, wato nisan fili da idon jama'a, duk dare ya rufe.

Duhu bai sa an yar da ladubban wasan ba, ƙara musu nauyi ya yi. Ana yin tsit idan mutum zai buga. Wanda ƙwallonsa ta fi nisa da rami shi ke fara bugu. Ba a shiga gaban mai bugu, kuma in ƙwallo ta nufi mutane dole a ƙwala ihun gargaɗi, don abu ce mai nauyin giram 45 da ɗoriya, in ta samu kai ba ta da wasa. A irin wannan golf ɗin dare, akan rataya irin bututun hasken nan a jikin tutar rami, wasu su saƙala shi a wuya ko a jakar sanduna don a san inda kowa yake. Kowa kuma shi ke ƙirga bugunsa, babu alƙali. Ɗan garin ba ya yawo barkatai cikin duhu, domin kewayen Coober Pedy cike yake da dubban rijiyoyin haƙa da ba a rufe ba, har alluna aka kakkafa masu hana gudu da tafiya da baya-baya.

Neman abu mai ƙyalli cikin duhu ma ba baƙon aiki ba ne a wurinsu. Masu tsince-tsince a tarin ƙasar da mahaƙa suka zubar sukan bi da ita ta ƙarƙashin wata fitila mai shuɗin haske a ɗaki mai duhu, inda gutsuren opal ke haskawa ya bambanta da tsakuwa.

Abin da 'yan kulob ɗin suka fi tinƙaho da shi ya zo ne a 2003. A wata tattaunawa da aka haɗa su da masu kula da filayen St Andrews na Sikotilan, garin da duniya ta ɗauka a matsayin mahaifar golf, shugaban can ya ce cikin raha zai ba su izinin wasa a filinsu idan suka ba shi ramin opal. Mutanen hamada ba su ɗauki maganar wasa ba, suka yanka masa fegi suka aika da shaida. St Andrews ta cika alkawari, amma da nata wayon: izinin na ƙaramin filinta ne mai rami tara da ake kira Balgove, kuma a watannin Janairu da Fabrairu kaɗai, lokacin da sanyi da iska ke korar kowa daga gaɓar tekun Sikotilan. Su ma 'yan St Andrews ƙofa a buɗe take gare su, in suna iya zuwa da ciyawarsu.