Kafin Ka Yarda Cewa Turbon Motarka Ya Mutu

Na gaji da jin maganar nan ta "ai turbon ne ya mutu". Kwanakin baya wani maƙwabcina a nan Ƙauyen Alu ya kai motarsa gareji, domin in ya hau titin Zariya daga Gyadi-Gyadi ya taka totur zai wuce A Daidaita Sahu, sai motar ta tsaya kamar tana shawara kafin ta zabura. Bakaniken ko gama buɗe bonet bai yi ba ya yanke hukunci: a tafi Ƙofar Ruwa a sayo turbo ɗan Beljiyam. Aka sayo, aka ɗaura, mota tana nan jiya i yau. Ashe tiyon iska ne ya tsage ta ƙasa, tsagar da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba.

Turbo dai farfela biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita zuwa salansa shi ke juya ɗaya, ɗayar kuma ta cusa iska cikin injin don ya ƙone mai da yawa ya ƙara ƙarfi. Wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi rajistar wannan dabara tun 1905. To sai hayaƙi ya yawaita kafin farfelar ta ɗauki gudu, gudun da kan wuce juyi 150,000 a minti ɗaya. Ɗan jinkirin da kake ji tsakanin taka totur da zaburar mota daga nan yake, kamar zugazugin maƙeri da sai an zuga kafin garwashi ya yi ja. Sabuwar mota dal ma tana da shi.

Abin dubawa shi ne ko jinkirin ya ƙaru a kan yadda ka saba. Ko da ya ƙaru ɗin, wannan kaɗai ba shaidar mutuwar turbo ba ne. Turbon da ya lalace ba ya ɓoye kansa. Za ka ga hayaƙi mai shuɗi-shuɗi a salansa, baƙin mai yana raguwa ba tare da yoyo a ƙasa ba, ka ji kuka kamar jiniya idan ka taka totur. In an cire tiyon gaba aka taɓa farfelar, za a ji tana lilo har tana gugar bango, ko a ga bakinta ya guntule. Bakaniken da bai nuna maka ko ɗaya daga cikin waɗannan ba amma yana cewa a canza, canki-canka yake yi da kuɗinka, kuma Allah zai tambaye shi. Masu cewa turbo ba na ƙasar zafi ba ne, su je su dubi tirelolin DAF da ke ɗaukar kaya daga Dawanau zuwa Legas a tsakiyar watan Afrilu. Da turbo suke tafiya.

Akwai kuma masu saurin cewa a fasa salansa a cire "indomi", wato abin da ke tace hayaƙi a cikinsa. Gaskiya ne indomin da ya toshe yana shaƙe mota, amma a fara tabbatar da toshewar. Ka sani cikinsa akwai ƙarafa masu tsada irin su filatinom, shi ya sa ba a jefar da shi a bola. In an cire, kai ka tafi da hayaƙi mai guba da fitilar gargaɗi a dashbod, wani ya tafi da kuɗi.

Ka fara da mai araha. A ciro matatar iska a ɗaga ta a rana. Ƙurar hunturun Kano kan toshe ta tun kafin wa'adin da kamfani ya rubuta, kuma bugawa a jikin taya a mayar ba gyara ba ne. Kada kuma a yarda a cire ta gaba ɗaya wai don mota ta shaƙi iska, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta ci bakin farfela mai wannan gudu. Daga nan a bi tiyoyin iska ɗaya bayan ɗaya, daga turbo zuwa ɗan lagireton da ke sanyaya iska har zuwa injin. Inda ka ga danshin mai ya kama ƙura, ko ka ji huci lokacin da aka ba da wuta, nan iska ke zurarewa, wani lokacin kilif ne kawai ya saki. A sa kwamfuta. Lambar P0299 tana nufin iskar da ake cusawa ba ta kai yadda ake so ba, ba ta ce turbo ya mutu ba. A duba ɗan murfin da ke sakin rarar hayaƙi da siririn tiyonsa, domin in ya maƙale a buɗe hayaƙin kewaye farfelar yake yi. A motocin gas irin su Sharan da Hilux, baƙar tokar hayaƙi kan daskare a cikin turbo, wanki yake so. Fulogi, nozul, gurɓataccen mai da na'urar auna iska su ma suna jawo kasala.

Sauran laifin namu ne direbobi. Kana giya ta huɗu a cunkoson Dangi, injin yana numfashi da ƙyar, ka danna totur har ƙasa kana jiran abin al'ajabi. Rage giya, za ka ga ta amsa. Baƙin mai kuwa, sa wanda littafin motar ya ce. Mai kaurin nan 20W-50 da ake ɗura wa kowace mota ba ya saurin isa sandar turbo da safe. Sai mummunar al'adar nan ta ba da wuta "vuum" sannan a kashe mota: famfon mai ya tsaya, farfela tana ta juyi a bushe. In ka dawo daga doguwar tafiya, bar ta a silo minti ɗaya ko biyu kafin ka murɗa makulli.

Don Allah, duk ranar da aka ce maka turbo ya mutu, ka ce a cire tiyon gaba a nuna maka farfelar da idonka kafin ka zaro ko naira ɗaya.