Gishirin Molibdat da Gonar Gyaɗa

Malam manomi, in gyaɗarka ta yi rawaya ta tsumbure, alhali ka zuba mata takin Supa kuma ruwa bai yanke ba, kada ka yi saurin ɗora wa iri laifi. Tumɓuke gindi ɗaya ka duba saiwa. Za ka ga 'yan gudaji manne da ita. Fasa ɗaya da farce. In cikinsa ja-ja ne, yana aiki. In fari ne ko kore, to akwai magana.

A cikin gudajin nan wasu ƙwayoyin halitta ke zaune, suna jawo naitirojin daga iska suna ba gyaɗa da wake, watau abincin nan da kake saye a buhun Yuriya. Amma ba sa iya aikin sai da wani sinadari mai suna molibdinam. Ƙasa mai tsami riƙe shi take yi, ta hana saiwa sha. Jigawa irin ta Mainika da kewayen Gwarzo da Kabo, in an daɗe ana zuba mata takin zamani ba takin gida, tana iya yin tsami.

Maganinsa wani farin gishiri ne, sodiyam molibdat. Ana narka shi a ruwa kaɗan a yayyafa wa iri, a juya a hankali don kada fatar gyaɗar ta saɓule, a shanya a inuwa, sannan a shuka. Na eka guda bai cika tafin hannu ba. Kada ka ce bari in ƙara don amfani ya ƙaru. In ya yi yawa cikin harawa, shanu da tumaki sai zawo da rama. Malamin gona zai auna maka.

Kafin ka sayi komai, kai ƙasarka a gwada. A ɗakin gwaji irin na Samaru, Zariya, da ɗan'uwan gishirin nan, amoniyam molibdat, ake gane yawan fosfaras: ruwan ƙasar ya rine shuɗi, in shuɗin ya yi duhu fosfaras ɗin da yawa. Masu fenti ma suna da nasu mai ruwan lemo, amma da dalma a ciki, guba ce, kada ta kusanci iri.

In gwaji ya nuna tsami, fara da toka da kashin shanu tun lokacin sharar gona. Sau da yawa in tsamin ya ragu, ƙasar da kanta take sakin sinadarin.