Yaron Shagon da Ya Zama Gwanin Muƙabala

Duk wanda ya taso a zamanin kaset ɗin bidiyo ya san Ahmed Deedat, dattijon nan mai farin gemu da ke jawo ayoyin Baibul da ka, har da lambobinsu. Abin da yake yi fanni ne mai zaman kansa: kare aƙida da hujjar da ko wanda bai yarda da ita ba zai iya aunawa.

Deedat ya fara ne a matsayin yaron shago a kusa da Durban, Afirka ta Kudu. Ɗaliban mishan suka addabe shi da tambayoyin da ya kasa amsawa, sai ya ci karo da littafin Izharul Haƙƙ na Rahmatullah Kairanawi, malamin da ya kara da ɗan mishan Pfander a Agra a 1854. Nan Deedat ya duƙufa, har ya gwabza da mai wa'azin Kirista Jimmy Swaggart a Amurka a 1986.

Kiristoci ma tsofaffin hannu ne a wannan fanni. Wajen shekara ta 155 wani Kirista mai suna Justin ya rubuta wa Sarkin Rum takarda yana wanke su daga ƙazafi.

Ni abin da ke damuna, masu kwaikwayon Deedat a Facebook sun ɗauki zafin sun bar karatun. Shi kuwa sai da ya karance littafin abokin karawarsa kafin ya buɗe baki.