Ciyayyar Hunturu: Gida Shi Ne Inda Aka Dafa Da Kai

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar arewa maso gabas kan kwaso ƙurar Sahara ta lulluɓe Kano, sanyin dare kuma ya sauka ƙasa da digiri 15. Mai ɗaki da bargo ba ruwansa. Amma hunturu shi ne lokacin da kasuwar Kantin Kwari ke cika da mutanen da ɗakinsu ke nesa. An gama girbi, 'yan cin rani sun kwararo daga ƙauyukan Jigawa da Katsina, da Damagaram da Maraɗi, wasu suna dako, wasu turin baro, wasu gadi. Da almuru in aka shigar da dilolin atamfa da shadda aka garƙame shaguna, Alhaji mai shago ya nufi gida, su kuwa sai su nemi barandar da za su shimfiɗa kwali.

Iyayenmu suna da al'adar da ke maganin irin wannan dare, wato ciyayya. Bayan sallar Isha'i kowane magidanci zai sa yaro ya fito da akushinsa zaure ko ƙofar gida. Ga tuwon dawa miyar kuka, ga na shinkafa da taushe, ga dambu, wani kuma kunun tsamiya kawai. A jera su a tsakiyar tabarma, a buɗe ɗaya bayan ɗaya, ba mai cewa wannan nawa ne. In da sanyi a hura wuta da kara, ana ci ana jin ɗumi. Duk wanda ya gitta, ko ba a san shi ba, sai ya ji an ce, "Malam, bisimilla, matso ka sa hannu."

Babbar hikimar ciyayya ita ce rufin asiri. Wanda ba a ɗora tukunya a gidansa ba zai ci ya ƙoshi ba tare da ya roƙi kowa ba. In aka kwana biyu ba a ga akushin wani ba, dattawa sun gane, sai a aika masa da tiyar hatsi ta bayan gida. A hadisin da Muslim ya ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya hori Abu Zarri da ya yawaita ruwan miyarsa don ya tuna da maƙwabta. Ciyayya ita ce wannan horo a aikace.

Yankin da Kwari take kuwa tun asali masaukin baƙi ne. A Fagge, bayan ganuwa, ayarin Buzaye daga Abzin ke ya da zango da raƙumansu ɗauke da gishirin Bilma da dabino, su koma da gero da turkuɗi. Baƙon ɗan kasuwa a wancan zamani ba otal yake nema ba, fatoma yake nema. Fatoma ne zai ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya samo masa mai saye, ya karɓi la'ada, kuma daga tukunyar gidansa baƙon zai ci har ya tashi. Da irin wannan tsari Hausawa suka kafu a Sabo ta Ibadan da zangon Kumasi. Amanar da ake ba da bashi a kanta, a gaban kwano aka fara ƙulla ta.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 sai baƙi suka sake launi. Wajajen 1913 Turawan mulki suka yanka Sabon Gari domin ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu, suka ware su daga mutanen birni. 'Yan Labanan da Siriya suka kafa kantunan yadi a kudancin Fagge, inda kasuwar Kwari ta tsiro. Doka ta raba unguwanni, amma ba ta iya raba tukwane ba. Gurasar da Bakano ke alfahari da ita, wadda ake yin bandashe da ita ko a ci da tsire, daga Larabawa aka gaje ta. Shayin Buzaye mai ɗaci da ake zubawa sau uku ya zama na kowa. Teba da sakwara da amala sun ƙetaro daga Sabon Gari, tuwo da masa da kilishi sun ƙetara can. Yau a layi ɗaya na Kwari za ka ga Bahaushe da Bayarabe da ɗan ƙabilar Ibo da ɗan Nijar da ɗan Sin, kowa da abin da uwarsa ta saba masa.

Wannan ba ya nufin kullum lafiya ake. A watan Mayun 1953 an zubar da jini tsakanin Fagge da Sabon Gari, an kuma maimaita a 1966 da 1991. Abinci kaɗai bai isa ya hana fitina ba. Sai dai jita-jita ta fi saurin kama mutumin da ba ka san sunansa ba. Wanda kuka haɗa hannu a kwano, ka san garinsu, ka san ɗansa ba shi da lafiya, da wuya a zuga ka a kansa.

Abin takaici, ciyayya na ja da baya. Katanga ta yi tsawo, zaure ya koma shago ko gareji, tsadar masarufi ta sa kowa na ƙunshe nasa a leda ya juya baya. Amma tsadar ce ma ta sa ake bukatarta, domin kwano biyar da aka haɗa sun fi ciyar da mutane a kan kwano biyar da aka ci a ɓoye.

Farfaɗo da ita ba ya bukatar kwamiti. 'Yan layi ɗaya, a kasuwa ko a unguwa, su tsayar da dare guda a mako cikin hunturu. Kowa ya kawo abin da ake ci a garinsu, komai ƙanƙantarsa, a bar shi ya faɗi yadda ake yin sa da wanda ya koya masa. A gayyaci maigadi da ɗan dako da almajirin layin su zauna a kan tabarma ɗaya, ba a miƙa musu saura ba. Maƙwabci Kirista a gaya masa abin da Musulmi ba ya ci tun kafin ranar, shi ma a tambaye shi nasa. Mata su yi tasu a cikin gida. Wutar jin ɗumi kuma a nisanta ta da kayan yadi, a kashe ta da ruwa kafin a watse, don gobarar hunturu ta sha cinye dukiya a kasuwannin Kano.

Ana cewa baƙo raɓa ne, amma da yawa daga baƙin Fagge da Sabon Gari jikokinsu ne ke riƙe da shaguna a yau. Mutum kan fara ɗaukar gari a matsayin gida ranar da aka auna tsaba da shi a lissafi. Saboda haka kafin sanyin bana ya wuce, tambayi maigadin layinku sunansa da garinsu, sannan ka ce a ƙara gwangwani ɗaya a tukunyar dare.