Yadda Likitoci Suka Daidaita Mudun Awon Ƙwaƙwalwa

Duk falken da ya taɓa sarin gero a ƙauye ya kai birni ya san ba kowane mudu ne mudu ba, don na wata kasuwa ya fi na wata ciki, in kuwa bai lura ba sai ribarsa ta zube tun kafin ya kwance taiki. Malamai kuma sun san yadda magabata suka tsananta a kan mudun Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har a ƙasar Maroko aka riƙa zana wa mudun tagulla salsalarsa a jikinsa, cewa an gwada shi da mudun wane, na wane kuma da na wane, don kada zakkar fidda kai ta tauye. To, irin wannan matsala ce ta sami likitocin Amurka da Turai masu binciken gigin tsufa.

Gigin tsufa dai ba tsufa kaɗai ke kawo shi ba, ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kuma mafi yawansa daga cutar nan ne da likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana a 1906, wadda ake kira da sunansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu gigin tsufa sun kai miliyan 57 a 2021. Cikin alamun cutar akwai motsewar wani ɗan yanki lanƙwasasshe kamar ƙahon rago a can cikin ƙwaƙwalwa, wanda ake kira hifokamfas, shi ne ke taimakon mutum ya riƙe sabon abin da ya ji ko ya gani. Shi ya sa za ka ga dattijo yana kawo karatun da ya haddace yana yaro babu tuntuɓe, amma ya kasa tuna ko ya ci kalaci.

Ana ganin wannan motsewa da na'urar MRI, wadda ke ɗaukar hoton cikin kai da ƙarfin maganaɗisu, ba yanka ba jini. Sai dai fa abin da ake nema ƙanƙane ne ainun. A shekara guda yankin nan yakan ragu da wajen kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari ga mai cutar, ga tsoho mai lafiya kuwa kashi 1 da 'yan kai. Na'urorin kuma ba maƙera ɗaya ne suka ƙera su ba: akwai na GE, da na Siemens, da na Philips, waɗansu kuma ƙarfin maganaɗisunsu ya ninka na waɗansu biyu. Kowace tana da irin tata karkata, wata takan ɗan miƙe hoton, wata ta ɗan matse shi, musamman daga gefe. Ashe ke nan in an auna mutum bana a wannan asibiti, baɗi a wancan, ba mai iya rantsewa ko ƙwaƙwalwarsa ce ta ragu, ko kuwa mudun ne ya sake. Magani kuwa ba a tabbatar da amfaninsa sai an gwada shi a kan ɗaruruwan mutane, asibiti ɗaya kuma ba ya tara su.

Saboda haka a 2004 aka kafa wani babban bincike da ake taƙaita sunansa ADNI, ƙarƙashin Likita Michael Weiner, da kuɗi wajen dala miliyan 60 daga gwamnatin Amurka da kamfanonin magunguna. Asibitoci fiye da 50 na Amurka da Kanada suka shiga, aka ɗauki mutum wajen 800 masu shekara 55 zuwa 90: 200 masu lafiya, 400 waɗanda mantuwa ta fara taɓawa, 200 waɗanda cutar ta kama. Daidaita hoton kuwa aka ɗora wa Likita Clifford Jack na asibitin Mayo.

Dabarar da ta fi ba ni sha'awa cikin aikinsu ita ce wata ƙwarya ta roba mai girman kan mutum, wadda aka jera wa ƙwallaye fiye da 160 a ciki, an san girman kowanne da nisan da ke tsakaninsu daidai wa daida. Aka rarraba irinta ga asibitocin, in an gama ɗaukar hoton mutum sai a sa ƙwaryar a ɗauki nata. Ƙwarya dai ba ta tsufa, ba ta gigi. In hotonta ya fito a karkace, an san laifin na'ura ne, an kuma san iyakar gyaran da za a yi wa hoton mutumin. Wannan shi ne dutsen sikeli da mai awo ke ajiyewa don ya kama sikelinsa in ya fara ƙarya. Bayan haka aka tsara wa kowace irin na'ura ƙa'idar ɗauka da za ta sa hotonta ya yi kusa da na sauran, kowane hoto kuma sai an aika da shi Mayo an duba, in mutum ya motsa kai hoton ya dushe, a ce a sake. Sa'an nan, abin da ba a saba ba a lokacin, aka buɗe taskar hotunan ga masu bincike na ko'ina, ba a jira masu aikin su gama cin moriyarsu ba. Ostareliya da Japan suka kafa nasu binciken a kan wannan tafarki.

Daidaita na'ura bai kashe magana ba, don masu karanta hoton su ma sun saɓa. Wani ya ja iyakar hifokamfas nan, wani can, kamar maƙwabta biyu a kan iyakar gona, har awon wani ya ninka na wani fiye da sau biyu. Sai masana suka ɗauko hanyoyi 12 da aka fi bi, suka yi musu muƙabala kamar yadda ake yi wa kofen littafi, suka fitar da iyaka guda a 2015, bisa jagorancin Giovanni Frisoni ɗan Italiya da shi Jack. A shekarar nan kuma William Klunk da abokansa suka kafa ma'auni na sifiri zuwa 100 don wani hoton dabam mai nuna dattin furotin da ke taruwa a ƙwaƙwalwar mai cutar: sifiri matashi lafiyayye, 100 mai cutar sosai.

Amma a ganina akwai sauran aiki. Mafi yawan waɗanda aka auna a zangon farko Turawa ne masu zurfin karatun boko, alhali fiye da kashi 60 cikin ɗari na masu gigin tsufa suna ƙasashe marasa ƙarfin arziki ne, inda na'urar kanta ke wuyar samu. Bambancin jama'a kuwa ba zato ba ne. Binciken da aka fara a 1992 tsakanin Ibadan da birnin Indiyanafolis na Amurka, da tambayoyi da gwaji iri ɗaya a garuruwan biyu, ya sami cutar ta fi ƙaranci ga Yarabawa bisa ga baƙaƙen fatan Amurka. Masu ADNI sun ga wannan giɓi, don haka a zangon aikinsu na huɗu da aka buɗe a 2022 suka ƙudura aƙalla rabin sababbin da za a ɗauka su fito daga al'ummun da aka bari a baya.